Rigar Ƙanƙara a Sri Petaling

Abin da na fara gani mutum ne ba kai, a rataye a bayan gilashin wani shago. Ruwa ne ya tsare ni a Sri Petaling, wata unguwa a Malesiya, irin ruwan la'asar ɗin can mai saukowa kamar an kifar da randa, na fake a barandar shaguna da ledar kifi a hannuna. Ina waiwayawa sai ga wannan abu, ja da fari, hannuwa a sake, ƙafafu a sake, yana sheƙi kamar bayan tarwaɗa. Na yi a'uziyya na ja da baya. Sai da na ƙura ido na gane sutura ce, riga da wando a haɗe tun daga wuya har idon sawu, kuma 'yar ƙarama, kamar ta yarinyar firamare. A cinyar hagu akwai doguwar yaga, bakinta a miƙe kamar an sa reza. Ni 'yar tela ce, jikar tela. Ba na iya ganin yaga in wuce.

Na san hoton nan ya sake fitowa. Walida, kin kira ni kina kuka ranar da ƙanwar mijinki ta tura miki shi, ta rubuta a ƙasa wai ashe daga irin gidan da aka ɗauko ki ke nan. Ku kuma mazan kun yi shiru, kuma shirunku ya fi maganarta yi min zafi. Sadiq, na ji kana gaya wa abokanka wai haɗi ne na kwamfuta. Ka daina. Ni ce a hoton, ni uwarku, a tsugune cikin rigar da ta kama jikina, da sanda a kowane hannu, bakina a buɗe ina dariya. Ba ni da asirin da za a rufa min a nan. Ku karanta, in ya so kowa ya yi hukuncinsa da sani.

Kun san ni da littattafan soyayya. Tun ina budurwa nake hayarsu a bakin kasuwa, in cusa a ƙarƙashin matashi kada Inna ta gani. A cikinsu, duk ranar da saurayi ya ɗauki amaryarsa zuwa ƙasar waje, to dusar ƙanƙara na sauka, ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓa mata, ya kira ta da wani suna mai daɗi. Saboda haka da Abbanku ya samu tallafin gwamnati na zuwa Malesiya yin digirinsa na uku, abin da na fara saya rigar sanyi ce mai kauri a wurin 'yan gwanjo. Ba ta taɓa fita daga akwati ba. Muka sauka cikin zafi irin na bazara, amma mai danshi, wanda wanka ba ya maganinsa. Abbanku ya fita da safe, ya dawo idanu jawur, ya ci abinci yana karanta takarda. Ku maza kuna Kano wurin Hajiya, Walida tana makaranta. Ni kuwa ina can saman bene a Bukit Jalil, na share ɗakin da ba datti, na tsaya a taga ina kallon jirgin ƙasan cikin gari, LRT, yana zuwa yana komawa.

Ranar ruwan nan na tura ƙofar shagon na shiga. Mai shagon wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, gajeriya, gwiwoyinta a kumbure, kowa Anti Lim yake ce mata. Aikinta gyaran kayan 'yan wasanni, na masu ninkaya, na masu tseren keke, na yaran da ke zamiya a filin ƙanƙarar da ke cikin manyan kantuna. Da 'yar Turancina da 'yar Malayancina na tambaye ta ta wace yarinya ce wannan. Ta kama hannun rigar ta ja, sai na ga ya miƙe ya ninka tsawonsa, ta saki ya koma. Sannan ta nuna min hoto a bango: wata budurwa a tsugune kan dogayen allunan ƙafa, tana gangarowa daga farin dutse kamar an harba kibiya. Sunanta Nurul, Bamalayiya, Musulma irinmu. Garinsu ba ƙanƙara, sai ta tafi Koriya tana koyon tseren, in rigarta ta yage a aiko wa Anti Lim, don sabuwa ba kowa ke iya saye ba. Na kai rigar hancina a sace, ina so in ji ƙamshin dusar ƙanƙara. Gumi na ji, da sabulu.

Na ce mata zan iya ɗinke yagar.

"Boleh?" ta ce, wato za ki iya, tana kallona ta saman tabarau.

"Boleh," na ce.

Ta jefo min ƙyallen irin yadin. Na hau keke na yi mata ɗinki miƙaƙƙe, ƙanana, a jere, irin wanda Baba yake yi wa shaddar alhazai. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta kama gefe da gefe ta ja sau ɗaya, zaren ya yi ta fashewa kamar gugguru a kasko. Ta yi dariya har da dafa tebur. Na ɗauki kifina na fita cikin ruwan ban ko yi mata sallama ba. Da gari ya waye na tambayi Abbanku izinin komawa.

"Shagon mata ne?"

"Tsohuwa ce ita kaɗai."

"To, ki riƙa dawowa kafin Walida ta taso."

Ku riƙe wannan. Da izininsa na fita, ba katanga na haura ba.

A wurin Anti Lim na gane duk abin da na gada na ɗinki a kan yadin da ke tsayawa inda aka ajiye shi ne. Wannan yadin ba ya tsayawa. Yana miƙewa tsaye, yana miƙewa kwance, don haka dole ɗinkin ma ya miƙe tare da shi, ko ya fashe. Ɗinkin zigizagi ake yi, da allura mai dunƙulen baki wadda ke ratsawa tsakanin zaren yadin ba ta tsinka shi ba. Yaga iri biyu ce take zuwa mana. Akwai wadda gefen allon ƙafa ya yanka, don kaifinsa kamar wuƙar mahauci ne, wannan bakinta a miƙe, ana haɗe ta. Akwai kuma ramin da ke fitowa in mutum ya faɗi ya gogi ƙanƙara da gudu, yadin ya ƙone ya ƙanƙance, wai ƙanƙara ce ke ƙona abu, ikon Allah. Wannan sai an gyare bakinsa da almakashi, a yanko maho daga irin yadin, a kewaye kusurwoyinsa kada su ɗago, a sa shi ta ciki, kuma inda mahon ya fi miƙewa ya bi inda rigar ta fi miƙewa. Ba a liƙa shi da gam, domin alƙalan tseren suna gwada ko iska na ratsa rigar, in ta toshe a hana mai ita shiga. Dutsen guga kuwa, ranar da ta ga na nufi inda yake, ta ɗaka min tsawar da har mai shayin maƙwabta sai da ya leƙo. A kan ƙoƙon kwakwa muke ɗame wurin yagar mu yi aikin hannu, kamar yadda masu hula ke ɗora ta a gwiwa. Na koyi wannan duka, kuma na iya. Yatsuna suka san nawa za su ja, nawa za su saki. Tun da na zo ƙasar, a wannan ɗaki mai ƙarar fanka ne kaɗai nake mantawa da duba agogo.

Wata rana mahaifiyar Nurul ta shigo da jar rigar nan a jaka, fuskarta ba walwala. Ɗinkin da muka yi a bayan cinya ya fashe, karo na biyu ke nan, kuma a gaban mutane ya fashe, yarinyar ta sauko daga dutsen tana rufe jiki da hannu. Akwai babban tsere a gabanta, mai horar da ita zai tashi washegari ya tafi da rigar. Bayan fitar matar muka zauna muna kallon gunkin katakon da muke sa wa kaya. Ni ce na fara ganewa. Gunki a tsaye yake. Nurul kuwa ba a tsaye take tsere ba, a tsugune take, ƙirji a kan gwiwa, kuma a nan ne yadin ke kaiwa iyakarsa. Muna ta gwaji a jikin abin da ba ya lanƙwasa. Anti Lim ta dubi gwiwoyinta, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa. A lokacin ni doguwa ce siririya, tsayinmu ɗaya da yarinyar.

Ba ta roƙe ni ba, kada wani ya ɗora mata. Ni na ce ta saki labulen ɗakin ciki. Kuma zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: aikin ne ya sa, amma ba shi kaɗai ba. Ina so. Tun ranar da na ga rigar a bayan gilashi nake so.

Na shiga cikinta da kyar, ta ja min zif. Na tsuguna kamar yadda na gani a hoton bango, Anti Lim tana zagaya ni da alli tana shata duk inda yadin ya yi fari don ɗamewa. Ta ce hannuwana ba daidai suke ba, ta miƙo min sandar tsintsiya da ta abin goge ƙasa, na maƙale su a hammata. Don tsiya ta juyo da fanka saitin fuskata.

"Koriya, lah!" ta ce, da "lah" ɗin da suke liƙa wa ƙarshen magana. "Gudu, gudu!"

Na rufe ido. Wallahi 'ya'yana, na tafi. Na ga farin dutsen, na ji iska na kaɗa min kunne, ba kowa a gabana, ba kowa a bayana, kuma ba wani saurayin littafi da ya riƙe min hannu. Ni kaɗai nake gangarowa. Dariya ta kuɓuce min.

A daidai nan Zainab ta ɗaga labule. Amarya ce, matar wani ɗalibi da ke bayan Abbanku a karatu, ita nake ara wa littattafaina, Yaya take ce min. Mun yi da ita za ta biyo min mu je unguwar Brickfields sayen kayan yaji, na manta shaf. Ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki, na taya ta. Na ga ta ɗaga waya, na ce ke Zainab ban so, ta ce don Allah Yaya nawa ne ni kaɗai. Ƙawarta guda ta tura wa. Kafin Juma'a hoton ya shiga guruf ɗin matan, daga nan ya tsallaka wayoyin mazajensu.

Abbanku ya dawo, ya ajiye wayarsa a kan tabarma, fuskarta sama.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce."

"Akwai namiji a wurin?"

"Babu. Labule a sake yake."

Ya wanke hannu, ya ci tuwonsa. A littattafan da na karanta, a nan ne miji ke miƙewa ya ce duk wanda ya taɓa matata ya taɓa ni. Na jira. Da ya gama sai ya ce manya sun same shi bayan masallaci. Sun ce in je ta'alimin mata ranar Lahadi, in ba da haƙuri a gaban kowa, in bar shagon, magana ta mutu. A lokacin shi ke jan sallar tarawihi, kuma shi ake shirin naɗawa shugaban ɗaliban Arewa da ke garin.

"Kalma biyu ce, Binta. Ki faɗa don ni."

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ce masa a'a ba. Ranar na ce.

"Malam, in kai ka ce in bar shagon, gobe ba zan je ba, wannan ikonka ne. Amma in tsaya a gaban mata in ce na yi abin kunya, alhali ni aka leƙa, wannan ba zan iya ba. Kana hana ni zuwa?"

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki takardunsa ya shiga ɗaki.

Lahadi na je ta'alimin. A falon Hajiya Ladi ake yi, matar babban cikin ɗaliban, ita ce uwar matanmu a can, ita ke karɓar haihuwa, ita ke raba rigima. Falo ya cika, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun zo. Zainab tana can lungu, ta ja mayafi har goshi.

"Sannu da zuwa, 'yar tsere," in ji wata daga baya. Aka yi ƙus-ƙus.

Hajiya Ladi ta ɗaga hannu. "Maman Walida, ba mu tara ki don mu ci miki fuska ba. Amma mu baƙi ne a ƙasar mutane. Abin da ɗaya ta yi, dukanmu aka yi wa. Matar malami guda, da girmanki, a ce kin shiga kayan da ko fatar ayaba ta fi su sutura?"

"Hajiya, a gaban wa na shiga?"

"Duniya ta gani."

"Na ce a gaban wa na shiga? Tsohuwa ce guda, a bayan labule. Ranar kamun ƙanwarki a nan falon, da muka rufe ƙofa muka cire mayafai muka yi rawa, da wata ta ɗauka ta tura wa mazajenmu, wa za a ce ya ba da haƙuri?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Ita yarinyar mai rigar ma sallah take kamar mu. Ɗinki ya fashe mata a bainar jama'a. Ni suturta ta na yi. Wadda ta fitar da ni waje tana cikin ɗakin nan, waɗanda suka tura wa mazajensu suna cikin ɗakin nan, ban ji an ce su miƙe ba."

"Au, mu za ki tuhuma? To ki zaɓa, ko mu ko shagon arniyar nan."

"Ai kun riga kun zaɓa min," na ce. Na sa takalmina na fito. Na shiga lif, ban koma ba.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. An cire ni daga guruf a ranar. Aka daina gayyata ta suna, aka daina aiko da abinci, in mun haɗu a kanti sai a duƙa ana duba farashin shinkafa. Abbanku ya janye daga shugabancin da kansa kafin a janye shi, azumi na zuwa aka sa wani ya ja tarawihi. Shi wannan ya yi masa ciwo, na sani, don yana son karatunsa a gaban sahu. Ya yi watanni ba ya min magana sai ta dole. Sallar wannan shekarar, mu uku kaɗai muka ci, na dafa abincin mutum goma bisa sabo, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Walida, da zazzaɓin dengi ya kwantar da ke a asibiti, kin tambaye ni ina su Anti Ladi, na ce miki sun yi tafiya. Ba su je ko'ina ba. Anti Lim ce ta hau matakala da gwiwoyin nan nata, da ruwan ganyen gwanda a gora, da shinkafa da kazar da ta sayo takanas a shagon Musulmi don in iya ci. Kun biya wani abu daga cikin kuɗin taurin kaina, ke da Abbanku, ban musa ba. Amma da na miƙe a falon nan na ce na yi abin kunya, da yau ƙanwar mijinki gaskiya ta faɗa, kuma da bakina za ta kafa hujja.

Ɗinkin kuwa, mun warware shi gaba ɗaya, muka sa maho mai siffar ganyen mangwaro daidai inda allin ya nuna. Nurul ba ta ci komai ba a tseren, can wajen ƙarshe ta zo. Amma ta sauko daga saman dutsen har ƙasa rigarta lafiya, kuma har ta bar wasan wannan wurin bai sake buɗewa ba. Daga baya kowace riga ta zo, ni ke shiga in tsuguna a shata, sai dai yanzu muna sa sakata. Na ci gaba da zuwa har ranar da Abbanku ya kare digirinsa. Bai taɓa ce min na yi daidai ba, har ya koma ga Allah. Bai kuma taɓa cewa in daina ba, alhali kalma guda ta ishe shi, kuma ya san ta ishe shi. Na daɗe ina jin haushin shirun nan. Yanzu da na yi furfura ban san sunan da zan ba shi ba, ba irinsa a littattafan da na karanta.

Zainab ban sake jin muryarta ba sai a zaman makokin Abbanku. Ku kun gan ta ba ku san ta ba, wata mai ƙiba da baƙin mayafi da ta zauna kusa da ni bayan mata sun watse. Aurenta ya mutu da jimawa, tana sayar da atamfa a Kantin Kwari, ita ke riƙe da 'ya'yanta. Ta yi min gaisuwa, na amsa. Na zaci haƙuri za ta ba ni, har na shirya abin da zan ce. Sai ta matso, ta rage murya kamar za ta tambayi bashi.

"Yaya, don Allah, wai ya ake ji a cikin rigar nan?"

Na dube ta da kyau. Ba ba'a take yi ba. Duk shekarun nan abin yana ranta.

"Zainab," na ce, "ranar nan da kin ajiye wayar, da ke ce ta biyun shiga."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Da aka kira la'asar na miƙa mata buta.